A Gidan Wa Za Ka Sauka?

'Ya'yana da ƙannena, da ku nake, ku da aka haifa a Kano ko Kaduna ko Abuja ko Legas, da ku da kuka tashi a Jidda ko Kumasi ko Landan, amma tushen iyayenku yana Funtuwa, ko Malumfashi, ko Bakori, ko Kafur, ko Ɗanja, ko wani ƙauyen da ke tsakaninsu. Duk shekara idan makarantu suka rufe a ƙarshen Yuli, wasunku sukan yi niyyar zuwa gida su yi dogon hutu, mako shida ko fiye, har zuwa Satumba. Niyya ce mai kyau, kuma ina roƙon Allah Ya ƙara yawan masu yin ta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake shirin. Za a sayi tikiti, a ɗinka sababbin kaya, a haɗa tsaraba, a canza waya. Idan ka tambayi inda za a kwana, sai a ce maka ai gida ne, idan mun je ma gani. To wannan da ake bari sai an je, shi ya kamata a fara gamawa, tun kafin a san ranar tafiya.

Na san abin da kuka saba. A can, mutum yakan buɗe waya, ya duba hotunan ɗakuna, ya karanta abin da waɗanda suka taɓa kwana suka ce, ya biya, a turo masa lambar buɗe ƙofa. Yana iya yin wata guda a ƙauyen Faransa bai ga fuskar mai gidan ba. A ƙasarmu masauki mutum ne kafin ya zama ɗaki. Duk wanda ya gan ka a kasuwa ko a masallaci, tambayar da zai yi ita ce baƙon wane ne, kuma amsar da aka ba shi ita za ta nuna masa yadda zai ɗauke ka. Haka kakanninmu fatake suka yi rayuwa a kan hanyar Gwanja. Ba sa shiga gari sai sun san mai masaukinsu a zango, wanda zai ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan rigima ta taso. A kan wannan tsarin aka kafa Sabo ta Ibadan da zangunan Kumasi, kuma ku 'yan Gana kun fi ni sanin cewa bai mutu ba. Saboda haka tambayar farko ita ce wane ne zai amsa sunanka idan an tambaya. Katifa da fanka suna biyo baya.

Wannan magana ba taka ba ce kai kaɗai, kuma ba a yin ta da saƙon WhatsApp tsakaninka da taubashinka. Mahaifinka ko mahaifiyarka ne za su kira mai gidan da bakinsu, su gaisa, su ce ga yaronka nan zai zo hutu, muna so ya zauna a wurinka. Idan aka yi haka, an ba shi amana, kuma ya karɓa. Idan kuwa kai ka shirya da yaran gida, ka faɗo da jaka, za a karɓe ka da fara'a domin ba a korar baƙo, amma mai gida bai ɗauki nauyinka da bakinsa ba. Akwai bambanci mai yawa tsakanin biyun, kuma ranar da wani abu ya faru ake ganinsa.

Sai batun wane gida. A nan ne yara masu kyakkyawar zuciya suke ɓata wa dangi rai ba su sani ba. A kusan kowace zuri'a akwai babban gida, inda kaka yake ko babban wan mahaifi, inda ake taruwa ranar suna da ranar rasuwa. Akwai kuma gidan wani baffa ko kawu da Allah Ya buɗa wa, mai tayil da sola da banɗaki a cikin ɗaki. Zuciyar yaron birni gidan na biyu take so, ban kuma ga laifinta ba. Amma idan ka wuce babban gida ka sauke jakarka a gidan mai kuɗi ba tare da an yi magana ba, abin da tsofaffi za su karanta shi ne talaucinsu ka guje wa. Ba za su faɗa maka ba. Za su faɗa wa mahaifinka bayan shekara biyu, a cikin wata maganar daban. Hanyar da ta dace ita ce a fara sauka a babban gida, a gaida na gaba, a ci abincin da aka tanada, a kwana ko da ɗaya ne idan hali ya yi. Daga nan shi babban da kansa zai ce a kai ka gidan wane, can ya fi sarari. Idan daga bakinsa ta fito, babu mai jin haushi. Iyayenka za su iya shirya wannan tun a waya, cikin hikima, ba tare da kowa ya ji an raina shi ba.

Haka nan tsakanin dangin uba da dangin uwa. Al'ada ta ba dangin uba gaba a batun sauka, amma kowa ya san gidan kawu ya fi sakewa, kuma kakar wajen uwa ba ta gajiya da jika. Kada ka bari ɗaya ɓangaren ya ji labarin zuwanka a bakin mutane. Wanda ba a gidansa ka sauka ba, ka je masa a cikin kwana biyun farko, da tsarabarsa a hannu.

Wani kuskuren da nake gani shi ne rarraba hutu: mako ɗaya a Funtuwa, kwana huɗu a Bakori, mako ɗaya a Malumfashi, kwana uku a wani ƙauye, wai don kada kowa ya yi fushi. A takarda ya yi kyau. A aikace, kullum kana kan hanya da jaka, kullum kai sabon baƙo ne da ake yanka wa kaza, babu gidan da ka zauna har aka daina jin nauyinka aka fara aiken ka. Kuma babu mutum ɗaya da zai iya cewa ga inda kake a daren nan. Shawarata ita ce, bayan saukar farko a babban gida, gida ɗaya, mai masauki ɗaya, har ƙarshe. Sauran dangi a kai musu ziyara, a wuni, a dawo. Garuruwan nan ba su da nisa da juna. Daga Funtuwa zuwa Bakori tafiyar 'yan mintoci ce a mota, Malumfashi ma ana zuwa a dawo a yini ɗaya ba tare da wahala ba.

Yanzu ga maganar da ba na jin daɗin yi, amma ɓoye ta cin amana ne. Yankin nan ya sha wuya a hannun 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda. A Satumba 2021 sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. A Agusta 2025 aka kai hari masallacin Unguwar Mantau a ƙaramar hukumar Malumfashi ana sallar asuba, aka kashe bayin Allah da dama. Allah Ya jiƙansu. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, kuma wasu ƙananan hukumomi sun yi zaman sulhu da 'yan bindigar. Wani wuri an samu sauƙi, wani wuri abin yana lafawa ya dawo. Ƙananan hukumomi 11 ne a shiyyar Funtuwa, kuma halin da ake ciki a Faskari ko Sabuwa ko Ɗandume, waɗanda ke kusa da daji, ba lallai ya zama shi ne na Kafur ko Ɗanja ba. Ko a cikin ƙaramar hukuma ɗaya, wannan ƙauye yana barci, na gaba da shi yana kwana a zaune.

Abin da wannan ke nufi ga masaukinka a fili yake. Idan kana da zaɓi tsakanin gidan dangi a cikin gari da gidan dangi a ƙauyen da ke gefe, ka kwana a cikin gari, ka yi wuni a ƙauye. A cikin garin ma, tsohuwar unguwa mai cunkoso, inda kowa ya san kowa, ta fi sabuwar unguwar bakin gari da gidajenta ke warwatse a cikin gonaki. Da damina masara da dawa sukan yi tsayi har su rufe mutum, gonar da ke bayan katanga ta zama mafaka. Ka fita bayan rana ta ɗaga, ka kamo hanyar dawowa da la'asar, magariba ta same ka a gida. Wanda ya taso daga Kano ta Gwarzo da Dayi, ko daga Kaduna ta Zariya, ya tsara tafiyarsa yadda zai iso da rana tsaka. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau da ta Birnin Gwari kuwa, kada ka hau su don yawon buɗe ido.

Kuma a wannan batu maganar mai masaukinka ita ce ta ƙarshe. Idan baffa ya ce yau ba za a je gona ba, kada ka tambaye shi hujja, kada ka ce ai ka duba intanet ba ka ga komai ba. Shi ya ji abin da ba a rubutawa, daga ɗan acaɓa, daga mai shayi, daga wanda ya kwana a ƙauyen. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Idan kuma tun a waya ya ce wa mahaifinka a dakata bana, a dakata. Mutumin da ke ƙaunar ganinka ba zai hana ka zuwa a banza ba.

Akwai masaukai biyu da ke jan hankalin 'yan waje, kuma ina da magana a kan kowanne. Na farko shi ne gidan da mahaifinka ya gina a gida, ya kulle, ba a buɗe shi sai da Sallah. Ana ganin ai namu ne, babu takura wa kowa. Amma irin waɗannan gidaje galibi a bakin gari suke, inda fili ya fi sauƙi. Gidan da ya yi wata goma a rufe, ranar da aka ga fitila a cikinsa da mota a ƙofa, duk unguwa ta san masu shi sun zo daga waje. Ban da haka, gidan da ba a zaune a ciki da damina yana tara ciyawa da ɓeraye, inda ɓera yake kuma maciji yana nan tafe, ga rufi mai yoyo da tankin ruwan da ba a wanke ba. Idan dole sai nan, to a aika a share shi tun da mako biyu, kuma wani babba daga cikin dangi ya tare tare da ku. Samari su kaɗai ko 'yan mata su kaɗai a irin wannan gida, ban yarda ba.

Na biyu otal. Akwai su a Funtuwa, akwai a Malumfashi, kuma suna da ranarsu: daren farko idan an iso a gajiye, ko iyali masu yawa da babu gidan da zai ɗauke su. Amma mako shida a otal a garin ubanka, ban da kuɗin da zai ci, abin magana ne, kuma ga budurwa ya fi zama abin magana. Za ka koma ba ka san sunan 'ya'yan gwaggonka ba.

To an zaɓi gida. Sai a duba lokacin da kake zuwa, domin dogon hutunku yana faɗawa daidai watannin da manomi ya fi shiga matsi. A Agusta hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana bai nuna ba. Abin da ke hannu an zuba shi a taki da maganin feshi da kuɗin 'yan ƙwadago. Farashin tiya a kasuwa yakan hau a irin wannan lokaci. Mai gidan da ya karɓe ka da murmushi yana iya kasancewa ya ci bashi ne ya yi noman bana, kuma ba zai taɓa bari ka gane ba. Uwar gida za ta ƙara mai a miya saboda kai, ta sayi burodi da madara da ba a saba saya ba, ta rage wa yaranta nama ta ƙara maka. Addini ya sanya haƙƙin baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai gida, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa wanda ya sauke shi. Kai kuwa kwana arba'in za ka yi.

Yadda ake rage wannan nauyi yana buƙatar ladabi. Kada ka zaro kuɗi ka miƙa wa baffanka kamar mai biyan haya, zai ji ka zage shi. Iyayenka su aika tun kafin ka iso, su ce ga wannan a ƙara a cefane. Ko kuma a rana ta biyu ka ɗauki wani yaron gida ku shiga kasuwa, ku sayo buhun shinkafa da jarkar mai da sukari da sabulu da omo, a shigar da su cikin gida ba tare da sanarwa ba. Bayan mako uku a sake. Idan gidan mata biyu ne ko uku, kayan abinci na gida ne gaba ɗaya, a hannun mai gida za a sa, shi ya san yadda zai raba. Tsaraba kuma kowace da tata, iri ɗaya, kada wata atamfa ta fi wata. Ka ci abincin duk wadda ke da girki, ko da ka fi son hannun ɗaya. Ƙaramin abu ne a wurinka, amma su da za su zauna da juna bayan ka tafi, ba ƙarami ba ne.

Kuma daga kwana na huɗu ka daina zama baƙo. Ka roƙi a daina yi maka girki na daban. Tuwon masara da miyar kuka da kowa ke ci, shi za ka ci. Namiji ya bi 'yan'uwansa gona idan an ba da izini, ko bai iya riƙe fartanya ba ya ɗauki ruwa da abinci, ya koyi zuba taki. Mace ta shiga madafa, ta yi tankaɗe, ta yi wanke-wanke, ta zauna a tsakar gida ana hira. Wanda ya shige ɗaki da waya daga safe zuwa dare, ana kai masa abinci, ya mai da gidan kawunsa otal ne kawai wanda ba a biya.

Ka tambayi ɗakin da za a ba ka tun kafin ka zo, ta bakin mahaifiyarka. Saurayi yawanci a shagon samari yake kwana, kusa da zaure, tare da sa'o'insa. Budurwa a cikin gida, ɗakin kaka ko na gwaggo. Ya kamata ku san wannan domin kada wa da ƙanwa da suka saba zama falo ɗaya su yi mamaki idan an raba su. Ku sani kuma wataƙila wani aka tasa daga ɗakinsa saboda ku, ku gode masa. Namiji baligi ba ya kutsa kai cikin gidan da ba nasu ba, sai ya yi sallama a zaure an ba shi izini, ko da gidan abokin wasansa ne. Sutura kuma a duba abin da 'yan gida ke sawa a bi.

Sai lafiya, wadda ita ma tana cikin zaɓen masauki. Agusta da Satumba su ne ganiyar sauro. Yaron da ya tashi a Ingila ko Saudiyya jikinsa bai san zazzaɓin cizon sauro ba, kuma ko mahaifinsa da aka haifa a Kafur, idan ya daɗe a waje, kariyar da jikinsa ya saba da ita ta ragu. Likitocin Ingila sun daɗe suna lura cewa mafi yawan masu komawa can da wannan cuta, waɗanda suka je ziyarar dangi ne a Afirka ta Yamma, domin su ne ke cewa ai gida za mu, ba sai mun sha magani ba. Ku ga likita kafin tafiya, ku karɓi maganin rigakafi, ku sha shi yadda aka ce har bayan dawowa. Ku zo da gidan sauronku, kada ku karɓe na yaran gida. Zazzaɓi ya kama ku, a je a yi gwaji a ranar. Idan bayan kun koma ne ya taso, ku gaya wa likita inda kuka je.

Gidan sauro yana da wani amfanin da ba a cika faɗa ba. A ƙarshen shekarun 1970, likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun yi dogon bincike a ƙasar Malumfashi. Cikin abin da suka rubuta a kai har da kumurci, macijin nan mai tofi a ido, wanda ke shiga gidaje da dare yana neman ɓera da kaji, har ya sari mai barci. Saboda haka gado ya fi tabarma a ƙasa, kuma a cusa bakin gidan sauro a ƙarƙashin katifa. Kada a fita bayan gida da dare babu tocila da takalmi. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau, asibiti ake nufa. Idan tofi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take sannan a tafi. Binciken nan ya kuma nuna yadda tsargiya ta yi yawa a tsakanin yara maza masu wanka a dam da kududdufi. Za ku ga yaran gari suna tsalle a ruwa, abin sha'awa, ku tsaya a baki ku yi kallo. Ruwan sha kuma na burtsatse ko wanda aka tafasa, domin amai da gudawa da damina yake zuwa, kamar yadda aka gani a 2021 lokacin da ya ratsa jihohin Arewa har da Katsina.

Duk wannan yana komawa ga tambaya ɗaya da za a yi kafin a tsayar da gida: daga nan zuwa asibiti minti nawa ne, kuma hanyar tana biyuwa idan an yi ruwa? Akwai babban asibiti a Funtuwa, akwai a Malumfashi, abin da ya fi ƙarfinsu kuma asibitin koyarwa na Shika yana kan hanyar Zariya. Ƙauyen da rafi ke yanke shi idan an kwana ana marka, ba wurin kwanan mai asma ba ne ko mai sikila ko mai ciwon suga. Mai irin wannan lalura ya zo da maganin da zai ishe shi har ya koma, kuma mai gida ya san da ita tun ranar farko. Ba abin kunya ba ne.

Ranar da ka iso ko washegari, mai masaukinka zai kai ka ka gaida mai unguwa da limamin masallacin da za ka riƙa salla. Kada ka ga kamar ɓata lokaci ne. A zamanin da ake tsoron infoma, baƙuwar fuska tana tayar da hankali, kuma 'yan sa-kai suna tare wanda ba su sani ba. Idan an san kai jikan wane ne, ka huta. Ka riƙa yawo da katin shaida. Masu fasfo na wata ƙasa su tabbatar takardunsu sun cika kafin su taso. 'Yan ƙasashen ECOWAS kamar Gana suna da kwana 90 ba tare da biza ba. Fasfo da kuɗin waje a damƙa wa mai gida ya adana. Ka riƙe 'yan canji a aljihu, domin ko da yake masu POS sun yawaita, sabis yana ɗaukewa, kuma mai ƙosai ba ta jiran taransifa. Ka tambayi layin da ya fi kamawa a unguwar kafin ka sayi sim.

Game da waya, roƙo nake yi. Kada ku sa hoton ƙofar gida a Facebook ko TikTok, kada ku sanar da cewa ga ku a gari, kada ku faɗi ranar komawa sai ga mai gida. Ku ajiye hotunan, idan kun koma ku sa. Haka zancen dala da fam a majalisa ko a teburin mai shayi. Kai za ka tafi, amma mutanen da suka sauke ka suna nan, kuma sunan da ka jawo wa gidansu na cewa suna da 'yan'uwa masu kuɗi a waje, su zai bi.

Kada duk wannan ya sa ku ce to a fasa. Ban rubuta don in tsorata ku ba. Ƙasar nan da iyayenku suka fito tana da abin da ya cancanci mako shida na rayuwarku. Ita ce ƙasar auduga: tun zamanin Turawa aka kafa injinan gurzar ta a Funtuwa da Malumfashi, jirgin ƙasan da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920 yana kwasar ta, daga baya kuma masaƙar Funtuwa ta zo. Kafin wannan duka, garin Maska ya yi suna da saƙa, kuma har yau hakimin Funtuwa Sarkin Maska ake ce masa, kamar yadda Malumfashi take ƙasar Galadiman Katsina. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe, kuma shi ya yaɗa takin zamani da sabon irin masara har ta zama abin da kuke gani ko'ina a yau. Tsohon da kuke kwana a gidansa ya ga wannan da idonsa. Ya san lokacin da masara take abin gasawa a bayan gida kawai, ya san ranar da aka fara awon auduga a kasuwarsu, ya san dalilin da ya sa mutane da yawa suka bar ta suka koma waken soya. Idan kun zauna gida ɗaya har ya saba da ku, wata rana bayan sallar isha zai fara ba ku labari ba ku tambaya ba. Wanda ke tsalle daga gida zuwa gida ba ya kaiwa wannan daren. Ku roƙi a kai ku kasuwar hatsi ta Ɗandume idan hanya ta yi kyau, ku ga inda masarar da ake ci a Legas take tasowa, ku je Ɗanja ku ga rake da lambunan tumatir.

Idan lokacin komawa ya yi, a bi gidajen da aka gaisa da su a yi musu sallama, ba tare da an faɗi rana da sa'a ba. A bar wa yaran gida gidan sauro da tocila da abin da za a iya bari. A yi wa matan gidan da suka yi ta ɗawainiya alheri na musamman, hannu da hannu, domin su ne suka tashi da asuba saboda ku. Idan kun isa, ku kira da kanku ku ce kun sauka lafiya, kada ku bar wa iyayenku wannan, kuma kada kiran ya zama na ƙarshe sai wata shekara.

Wanda ke da niyyar zuwa hutun bana, ya je wurin mahaifinsa ko mahaifiyarsa a cikin makon nan, ya tambaye su a gidan wa zai sauka, ya kuma roƙe su su kira mai gidan kafin a sayi tikiti. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya zaunar mana da ƙasarmu.